Mutane Masu Wutsiya: Martani Ga Masu Ƙera Ƙabilu a Wasannin Ƙage

1.0 Gabatarwa

A 'yan shekarun nan wani sabon iri ya fara tsirowa a gonar adabinmu, wanda duk mai duba rubuce-rubucen ɗalibai ba zai kasa lura da shi ba. Matasanmu sun duƙufa wajen ƙirƙirar duniyoyi na ƙage, masu ƙasashen da babu su a taswira, da sarakunan da ba a taɓa naɗa su ba, da jinsunan halittu iri-iri. Ruwan da suke sha kuwa daga wasannin kwamfuta da na wayar hannu yake kwararowa, musamman irin waɗanda mai wasa kan ari halin wani tauraro ya rayu a cikin rigarsa, wato abin da za mu kira wasannin aron hali. Ba mu da ja da wannan yunƙuri ko kaɗan. Adabin da ya haifi Ganɗoki da Ruwan Bagaja a 1934, ya kuma haifi Tauraruwa Mai Wutsiya ta Umaru Ɗembo a 1969, ba baƙo ba ne a duniyar aljanu da abubuwan al'ajabi.

Abin da ya tayar da wannan tsokaci shi ne wani daftarin wasa da wani ɗalibi ya karanta a ajinmu na ƙagaggen rubutu. Ya zana birni mai ganuwa, da sarki, da malamai, da kasuwa. A kudancin birnin ya dasa duwatsu, ya zuba musu wasu halittu masu ƙarfin jiki da ƙarancin basira, masu saurin fushi, waɗanda ba su san sutura ba. Mai wasa zai zaɓi ɗaya daga cikinsu ya shigo da shi birni. Tambayar ɗalibin a gare mu ita ce: yaya zai daidaita ɗabi'ar daji da ke cikin jinin wannan tauraro da zaman birni? Kafin mu buɗe baki, wata ɗaliba 'yar Manchok ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ai duwatsun nan na san su, daga bayan gidanmu ake hango su." Ajin ya yi tsit. Wannan shiru shi muke so mu fassara a nan, domin a ganinmu tambayar ɗalibin tun daga tushe karkatacciya ce, kuma ba shi ya karkatar da ita ba, gadonta ya yi.

2.0 Inda Tambayar Ta Samo Asali

A 1974 wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fito da wasan Dungeons & Dragons, wanda shi ne kakan yawancin wasannin aron hali na yau. Mutane kan zauna kewaye da tebur, jagoran wasa yana ba da labari, kowa yana magana da bakin tauraronsa, ƙwayar lido mai fuska 20 kuma tana yanke hukuncin nasara ko faɗuwa. Cikin abubuwan farko da mai wasa zai zaɓa akwai jinsi. Da yawa daga cikin jinsunan an aro su ne daga littattafan J.R.R. Tolkien, marubucin Ingila da ya wallafa The Hobbit a 1937 da The Lord of the Rings a 1954 zuwa 1955. Cikinsu akwai wasu dodanni masu siffar mutane da ake kira Ork, waɗanda a bisa ƙa'idar harshenmu za mu kira su Orkawa, ɗayansu Ba'orke.

Abin lura shi ne dokokin wasan sun ɗaure hali a jikin jini. Littafin 'yan wasa na 2014 ya bayyana ruwa-biyun Ba'orke da ɗan Adam a matsayin wanda zaɓinsa biyu ne: ko ya zauna cikin ƙabilar daji, ko ya raɓe a unguwannin matalauta na biranen mutane yana fama da fushin da ya gada. Wani littafin na 2016 ma ya rage wa duk Ba'orke maki 2 na basira tun kafin ya yi motsi. Ke nan tambayar ɗalibinmu daga nan ta taso, ya kwafe ta yadda ɗan makaranta kan kwafi amsar maƙwabcinsa har da kurakuranta.

To, ga abin da bai sani ba. Masu kayan da kansu sun ji kunyar kayansu. A 2020 kamfanin Wizards of the Coast ya amsa a fili cewa yadda aka siffanta Orkawa ya yi kama da yadda aka riƙa wulaƙanta wasu al'ummu na zahiri, ya soke ragin basirar nan. A ƙarshen 2022 ya sanar da cewa zai daina amfani da kalmar da ke nufin launin fata wajen rarraba halittunsa, sabon littafin 2024 kuwa ya fito ba tare da ita ba. Wato gwanjon da masu shi suka tuɓe suka yar, shi ne namu yaran suka tsinta suna taƙama da shi a matsayin sabon yayi.

3.0 Kundin Dodanni Na 'Yan Mulkin Mallaka

Da a ce matsalar ta tsaya ga kwaikwayon Turawan yau, da da sauƙi. Amma ƙasar Manchok ta riga ta ɗanɗani zama ƙasar dodanni a takarda shekaru 62 kafin a ƙirƙiro wasan Gygax. A 1912 wani jami'in mulkin mallaka da ya yi aiki a Jama'a, Manjo A.J.N. Tremearne, ya wallafa littafi a Landan mai suna The Tailed Head-Hunters of Nigeria, wato masu wutsiya mafarautan kawuna. Su wa yake nufi? Mutanen Kagoro da maƙwabtansu, ciki har da Moro'a, waɗanda Manchok ce cibiyar masarautarsu. Wutsiyar da ya ɗaga a matsayin tuta ba komai ba ce illa wani ado na saƙa da matan aure kan ɗaura a ƙugu ta baya. Ba mu ce shi ya ƙagi al'adun yaƙi na wancan zamani ba, domin kowace al'umma tana da nata abin da jikoki ba sa son a tuna. Laifinsa shi ne ya ɗauki ado ɗaya da al'ada ɗaya ya mayar da su sunan mutane baki ɗaya, don littafinsa ya sami kasuwa.

A 1919 kuma aka buga kundin Olive Temple kan ƙabilun Jihar Arewa, inda aka jera al'ummu bi da bi bisa tsarin abacada, kowace da bayanin abin da take bauta wa, da tsagarta, da makamanta, da yadda take binne gawa. Duk wanda ya ajiye wannan kundi kusa da kundin dodanni na wasan Dungeons & Dragons na 1977 zai ga ɗinkinsu ɗaya ne. Kowace halitta da shafinta, da mazauninta, da halinta wanda ba ya sauyawa. Bambancin kawai shi ne kundin 1919 da shi aka yi mulki. Da irinsa aka raba Arewa zuwa masu sarauta da masu duwatsu, aka yanke wa za a ba makaranta, wa za a aika haƙar kuza, wa za a ɗora a kan wa.

4.0 Namu Tudun

Hausawa kan ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Kada mu ɗora wa Bature dukkan kayan, domin ya iske mu da namu kundin. Cikin daɗaɗɗun wasannin aron hali a ƙasar Hausa akwai tashe, kuma duk wanda ya tashi a birni ya san Macukule, inda yaro kan sa tsummoki yana kwaikwayon Bagwari, 'yan kallo suna dariya. A bori ma birnin Jangare gida-gida aka kasa shi, har da gidan Filani da gidan arna, kowane iska da muryarsa da tafiyarsa da abin da yake so, duk dokin da ya hau kuwa tilas ya yi irin wannan hali. A rubutaccen adabi, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, duk da ƙimarsa wajen nuna zafin bauta, ya kai mu harin kamun bayi a ƙasar Gwari ba tare da mun ji sunan ko mutum ɗaya daga waɗanda aka kai wa harin ba. Fina-finan barkwanci na Kano suka zo suka ɗora, inda gurɓatacciyar Hausa da buɗe baki a gaban motoci suka isa su zama dukkan halin tauraro.

Har sunayen da muke kiran mutane da su shaida ne a kanmu. Mun ce Kataf, su sun ce Atyap. Mun ce Kaje, sun ce Bajju. Mun ce Jaba, sun ce Ham. Mun ce Gwari, sun ce Gbagyi. Mutanen Moro'a kuwa Asholio suke kiran kansu. Sama da waɗannan duka akwai kalmar "arne", wadda muka mayar buhun da ake zuba duk wanda ba namu ba, ko da kakansa limamin coci ne da ke karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa tun fassarar 1932. Ɗalibinmu bai rubuta wannan kalma a daftarinsa ba, amma ita ce ginshiƙin da ya ɗora rufin a kai. Ya sa wa Macukule haure da koren fata, ya zaci ya ƙirƙiro sabuwar halitta.

5.0 Abin Da Manchok Ke Cewa

Bari mu gwada ƙa'idar nan ta "daji a jini, birni a waje" a kan ƙasar da aka hango daga tagar ajinmu, mu ga ko za ta tsaya.

Da farko, zaman dutse ba ɗabi'a ba ce, dabarar yaƙi ce. A ƙarni na 19 mahara daga Zazzau da Jama'a sun matsa wa al'ummun wannan yanki da kamun bayi, duwatsun Kagoro da makamantansu suka zama ganuwar da Allah ya gina musu. Wanda ya hau dutse don kada a sayar da 'ya'yansa, lissafi ya yi irin na mai basira. Shi ya sa a zamanin Turawa ma ƙasashen Kagoro da Moro'a da Jaba suka kasance gundumomi masu zaman kansu da sarakunansu, ba a ƙarƙashin sarkin Zazzau ba. Marubucin da ya dasa mutane a kan dutse bai tambayi wa ya kora su can ba, ya ɓoye rabin labarinsa, kuma rabin da ya ɓoye shi ne ya shafi birninsa mai ganuwa.

Na biyu, wa ya ce wayewa daga birni ta faro? A ƙauyen Nok, cikin ƙasar Ham, masu haƙar kuza suka tono mutum-mutumin yumɓu a 1928, daga baya Bernard Fagg ya gane cewa wata tsohuwar wayewa ce sukutum. Bincike ya nuna masu wannan fasaha sun rayu, sun sassaƙa, sun narka ƙarfe ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa, lokacin da ba a aza harsashin ganuwar Kano ba. Ba mu ce mazauna yankin na yau su ne jikokinsu kai tsaye ba. Abin da muke cewa shi ne ƙasar da ɗalibinmu ya zana a matsayin wajen duniya tana cikin wuraren da tarihin fasahar Afirka ya fi zurfi.

Na uku, birnin da ake cewa su shiga, ai a gonarsu aka gina shi. Kafanchan ƙasar Fantswam ce. Jirgin ƙasa ne ya mayar da ita mahaɗa a 1927, lokacin da layin da ya taso daga Fatakwal ya haɗu da na Kaduna, reshe kuma ya haura Jos ta Kagoro da Manchok. Ibo da Yarbawa da Hausawa suka kwararo aikin reluwe da fatauci, fadar Sarkin Jama'a ma a farkon shekarun 1930 ta dawo garin. Ke nan a Kafanchan kowa baƙon birni ne a rana ɗaya, kowa ya koyi zaman birni tare da ɗan'uwansa. To, wane ne ɗan daji da za a koya wa ladabin kasuwa a nan?

Na huɗu, mutumin wannan yanki ba ya tsaye tsakanin duniya biyu yana rawar jiki, kamar yadda wasannin suke so mu ɗauka. Malamin makaranta a Kaduna yana da gonar citta a gida, cittar da ake lodawa a manyan motoci zuwa tashar jiragen ruwa ta Legas. Yana magana da harshensu a gida, da Hausa a kasuwa da coci, da Ingilishi a ofis, ba tare da ya ji ya rabu kashi uku ba. Ranar 1 ga Janairu, idan ɗan Kagoro ne, yana gida wajen bikin Afan. Wannan ƙasa ce ta fitar da Janar Martin Luther Agwai, babban hafsan tsaron Nijeriya a 2006, da Patrick Yakowa wanda ya mulki Jihar Kaduna daga 2010 zuwa 2012, da Matthew Hassan Kukah da aka naɗa Bishop na Sakkwato a 2011. Da wane shafi na kundin dodanni za a fassara waɗannan? Idan akwai wahala a shigar ɗan Manchok birni, a bakin ƙofa take, wurin mai gidan haya da ke tambayar addini kafin ya faɗi kuɗi, da takardar shaidar ɗan asalin ƙasa da ke mayar da wanda aka haifa a gari baƙo. A nan labarin yake, kuma nan ne marubutanmu suke tsallakewa.

6.0 Hujjojin Masu Ja

Za a ce mana, ai wasa ne. Mun ji. Amma magana zarar bunu ce, kuma yankin da muke magana a kai ya san kuɗin da ake biya idan aka mayar da maƙwabci jinsi. Rikicin da ya tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan a Maris 1987 ya bazu har Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina. Na Zangon Kataf a Fabrairu da Mayu 1992 daga maganar sauya wa kasuwa matsuguni ya faro. A Afrilu 2011, bayan zaɓe, an karkashe Musulmi da dama a Zonkwa da Matsirga, kamar yadda aka karkashe Kirista aka ƙona coci-coci a garuruwan arewacin jihar. A Maris 2014 aka afka wa wasu ƙauyukan ƙasar Moro'a cikin dare, aka kashe mutane fiye da 100. Ba mu ce tashe ko wasan kwamfuta ne ya kunna waɗannan wutar ba, domin ƙasa da sarauta da siyasa su ne itacen. Amma kafin hannu ya iya ɗaga adda a kan jariri, sai zuciya ta riga ta yarda cewa hali zanen dutse ne, ɗan wancan gida ba zai zama komai ba sai irin ubansa. Wannan darasi a labari ake koyonsa. Kuma kundin fuska biyu gare shi: yadda ake da Macukule a Kano, haka ake da Bahaushe ɗan mamaya da Bafillace mai bindiga a hirar wasu gidaje na kudancin Kaduna, alhali akwai Bahaushen Zangon Kataf da Bafillacen Ladduga da ba su san wani gida ba sai nan. Ƙorafinmu ya hau kan duka biyun.

Za a kuma ce, ai muna da wasan barkwanci tsakanin ƙabilu, kamar na Fulani da Barebari, ko Kanawa da Zazzagawa, bai taɓa raba zumunci ba. Gaskiya ne, sai dai a duba sharaɗinsa. Taubashi yana da bakin ramawa, yana tsaye a gabanka, kuma dokar wasan ta ba shi damar ya yi maka fiye da yadda ka yi masa. Macukule ba ya ramawa. Ba'orke ba ya rubuta littafin dokoki. Wasan da mutum ɗaya ke riƙe da bulala kullum sunansa daban.

Hujja ta uku ta fi sauran nauyi, wato cewa labari yana buƙatar bambanci, idan kowa ya zama ɗaya ƙage ya mutu. Mun yarda ɗari bisa ɗari. Ba mu nemi a shafe bambancin al'adu ba, ko a mayar da kowace al'umma ta kirki. Abin da muka ƙi shi ne lalacin da ke sa marubuci ya bai wa mutum dubu hali guda don ya huta da aikin sanin su. Tolkien kansa, a rubuce-rubucensa na ƙarshen rayuwa, ya yi ta kai-kawo kan asalin Orkawansa, domin imaninsa bai ba shi damar yarda da halitta mai hankali wadda ba ta da hanyar shiriya ba. Idan uban gidan ya kasa barci a kan wannan, bai kamata almajiransa na nesa su yi minshari ba.

7.0 Kammalawa

Ga abin da muke nema daga duk ɗalibin da zai ƙera al'umma a labari ko a wasa. Ya ba ta tarihi, ya faɗa mana abin da ya kai ta inda take. Ya ba ta saɓani a cikin gida, tsoho da yaro, mai son ciniki da birni da mai tsoronsa, domin al'ummar da bakinta ɗaya a kan komai ba a taɓa yin ta ba. Ya bar ta ta raɗa wa kanta suna, ta kuma sami sunan da take kiran mutanen birni da shi. In tauraronsa ya iso ƙofar gari, ya juya idon labarin ya dubi mai gadin ƙofar, ya tambayi wa ya kafa dokar shiga, wa take yi wa amfani. In kuwa ya ga halittarsa ta fara kama da maƙwabcin da ya sani, to ya ajiye alƙalami ya shiga mota. Daga Kaduna zuwa Manchok tafiyar yini ɗaya ba ta cika ba, gani kuwa ya kori ji.

Magabatanmu da suka ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, su ne kuma suka ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Sun san gado, sun kuma san ɗan Adam yana iya saɓa masa, adabi kuwa a wannan tazara yake rayuwa. Ɗalibinmu ya karɓi daftarinsa ya tafi gyara, ɗalibar nan ta Manchok kuma ta ce za ta rubuta nata wasan, wanda zai faro daga kan dutse yana kallon ƙurar dawakin da ke tahowa daga arewa. Muna jiran duka biyun a fitowa ta gaba, kuma shafukan wannan mujalla a buɗe suke ga duk mai ganin mun yi kuskure.